KAFIN KA CE WA ANTIBAIROS "ƘYALE WANNAN MANHAJAR, NA YARDA DA ITA", TSAYA KA KARANTA



Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare a bidiyoyin koyar da kwamfuta da kuma bakin wasu masu gyara. Ka sauke wata manhaja a laftof ɗinka, antibairos ya yi caraf ya kama ta, sai a ce maka: "Ai ba komai ba ne, shiga saitin ka sa ta a Exclusions, shi ke nan." Ka yi, manhaja ta tashi, gargaɗi ya daina fitowa, kowa ya kama gabansa.

An fi ba da wannan shawara a kan manhajojin sa ido: masu nuna zafin firosesa da gudun fanka, masu lura da abin da yara ke yi a kwamfuta, da waɗanda wurin aiki ke ɗora wa ma'aikata. Dalili kuwa su ne antibairos ya fi yawan yi wa haushi.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: keɓe manhaja daga binciken antibairos ba laifi ba ne, kuma akwai lokacin da ya dace. Amma shi ne mataki na ƙarshe, kuma cewa "na yarda da ita" kaɗai bai isa hujja ba. Sannan akwai nau'i ɗaya na manhajar sa ido da bai kamata ta shiga wannan jeri ba ko da wasa. Ga dalilaina.

MENE NE AINIHIN WANNAN KEƁEWAR?

Duk laftof mai Windows 10 ko 11 yana zuwa da antibairos ɗinsa, wato Microsoft Defender, wanda ake samu a cikin Windows Security. Aikinsa kamar na maigadi ne a bakin ƙofa: duk fayil ɗin da ya shigo, ko aka buɗe, ko ya nemi ya tashi, sai ya caje shi.

Exclusions kuwa shi ne jerin shafaffu da mai. Duk abin da ka sa a ciki, ka ce wa maigadin ne ya kawar da kai. Ana iya sa abu iri huɗu: fayil guda, folda, nau'in fayil, ko manhaja mai gudana.

Ga inda mutane da yawa ba su fahimta ba. Idan ka keɓe folda, Defender bai san wata "amintacciyar manhaja" ba, wurin kawai ya sani. Ka ce masa kar ya leƙa wannan ɗakin, to ba zai leƙa ba, da shi da duk ƙananan foldojin da ke cikinsa, yau da gobe da baɗi. Ko wane ne ya shiga ɗakin daga baya, ya tsira. Manhajar da ka yarda da ita tana iya canjawa, wani abu yana iya faɗawa cikin foldar, amma umarnin da ka bayar yana nan daram har sai ranar da ka goge shi da hannunka. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mutum nawa ne ke komawa su goge?

Su ma masu ƙera bairos sun san da wannan. Da yawa daga cikin miyagun manhajojin yanzu, da zarar sun samu izinin admin, abin da suke fara yi shi ne su sa kansu a cikin wannan jeri. Wata mai suna WhisperGate da aka kai wa hukumomin Yukren hari da ita a Janairun 2022, gaba ɗaya C: ta keɓe, wato duk kwamfutar. Abin da ɓarawo ke shan wahala kafin ya samu, shi ne ake ce maka ka yi da hannunka cikin minti ɗaya.

ME YA SA ANTIBAIROS KE YI WA MANHAJOJIN SA IDO HAUSHI?

Saboda aikinsu da na ɓarawo sun yi kama. Manhajar da za ta faɗa maka zafin firosesa ko ta juya gudun fanka, dole ta kai hannu can cikin ƙuryar tsarin kwamfuta, inda manhajojin yau da kullum ba su da izinin zuwa. Manhajar da ke lura da yara tana duba shafukan da aka buɗe, wani lokaci ta ɗauki hoton allo. Ta wurin aiki tana ƙirga lokaci, tana ganin abin da aka buɗe, wata ma tana ba wani damar shiga kwamfutar daga nesa. Duk waɗannan, ɗaya bayan ɗaya, su ne abubuwan da manhajar leƙen asiri ke yi. Antibairos ba ya ganin niyya, aiki yake gani.

Don haka sai mu raba su gida uku, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

NA FARKO: MASU LURA DA LAFIYAR NA'URA

Waɗannan su ne masu nuna zafi, batir, fanka da nauyin da ke kan RAM. Wanda ke aiki da tsohon laftof a watan Maris ko Afrilu a Kano, Sakkwato ko Maraɗi ya san amfaninsu, domin na'urar kan yi zafi har ta kashe kanta.

A watan Maris na 2025, Defender ya fara kama wasu sanannun manhajoji irin su Fan Control da OpenRGB da Libre Hardware Monitor. Nan take aka cika intanet da cewa kuskure ne, a sa su a Exclusions kawai. Su manhajojin kam ba na ɓarayi ba ne. Amma abin da Defender ya kama wani tsohon dirayba ne da suke amfani da shi mai suna WinRing0, wanda tun 2020 aka rubuta a hukumance cewa yana da ɓaraka. Ɓarakar ita ce, idan yana kan kwamfuta, wata manhaja maras izini tana iya bi ta kansa ta samu iko mafi girma a tsarin. Masu satar ƙarfin kwamfutocin mutane don haƙar kirifto sun sha amfani da wannan dirayba.

Ka ga ke nan abu biyu ne gaskiya a lokaci guda: masu manhajar mutanen kirki ne, kuma gargaɗin Defender yana da tushe. Wanda ya keɓe ya samu manhajarsa ta ci gaba da aiki, amma ya bar tsagar a bango, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga baya masu Fan Control sun sauya zuwa wani dirayba daban. Wanda ya yi haƙuri ya sabunta manhajarsa, ya huta ba tare da ya taɓa saitin tsaro ba.

Sannan tambayi kanka: ina buƙatar manhajar ma kuwa? Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance, za ka ga nauyin firosesa, RAM, diski da intanet. Idan lafiyar batir kake son sani, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da rahoto mai nuna ƙarfin batir na asali da wanda ya rage masa yanzu. Kamfanonin laftof da yawa kuma suna da manhajarsu ta hukuma, kamar Lenovo Vantage da MyASUS. Ga mai laftof na rubutu, karatu da kallo, waɗannan sun wadatar.

NA BIYU: NA WURIN AIKI DA NA MAKARANTA

Wanda ke aiki daga gida, ko yake karɓar aiki ta intanet, wani lokaci akan ce ya ɗora manhajar ƙirga lokaci ko ta gyara daga nesa. Sau da yawa takardar umarnin tana zuwa da jerin foldojin da za a keɓe. A nan mutum zai ce, to ai babban kamfani ne ya yi manhajar, me zai sa in ji tsoro?

Ga abin da ya faru da manyan kamfanoni.

SolarWinds kamfani ne a jihar Texas ta Amurka, a 2020 yana da manhajar sa ido kan na'urori mai suna Orion, wadda hukumomin gwamnati da manyan kamfanoni ke amfani da ita. A Disamban 2020 aka gano cewa 'yan kutse sun shiga kamfanin tun watanni kafin nan, sun cusa mugun abu a cikin sabuntawar manhajar. Kimanin kwastomomi 18,000 ne suka sauke gurɓatacciyar sabuntawar, kuma ma'aikatun kuɗi da na kasuwanci na Amurka suna cikin waɗanda aka kutsa. Sabuntawar ta zo da sa hannun kamfanin na gaskiya, ta hanyar da aka saba. A lokacin kuma kamfanin yana da shafin taimako da ke ba kwastomomi shawarar su keɓe foldojin Orion daga binciken antibairos.

Ranar 2 ga Yulin 2021, gungun REvil suka bi ta manhajar Kaseya VSA, wadda ake lura da kwamfutoci da gyara su daga nesa da ita, suka kulle fayilolin kamfanoni da yawansu ya kai 800 zuwa 1,500. A Suwidin, sai da kantunan Coop kimanin 800 suka rufe saboda na'urorin karɓar kuɗinsu sun tsaya. Masu bincike na kamfanin Sophos sun nuna cewa an ajiye mugun fayil ɗin ne a foldar aikin manhajar, ɗaya daga cikin wuraren da aka umarci kwastomomi su keɓe.

A Maris na 2023 kuma sai ga na 3CX, manhajar kiran waya ta ofisoshi. Kwanaki kafin a tabbatar da cewa an gurɓata ta, wasu manhajojin tsaro sun fara ƙorafi a kanta. Mutane da yawa suka ɗauka kuskure ne tun da manhajar sananniya ce, wasu suka sa ta a jerin keɓewa don a bar su su yi aiki. Ashe maigadin ne ke da gaskiya.

Ba keɓewa ce ta jawo waɗannan hare-haren ba, kuma a kwanakin farko na harin SolarWinds kusan babu antibairos ɗin da ya gane shi. Amma ka lura da bambancin. Bayan an gano matsala, kamfanonin tsaro sukan tura wa antibairos sabon bayani cikin sa'o'i ko kwanaki, sai ya bi ya kama mugun fayil ɗin a duk inda yake. A ko'ina, ban da wurin da aka ce masa kar ya duba. Da ɗan gari akan ci gari, kuma 'yan kutse sun gane cewa hanya mafi sauƙi ita ce su bi ta manhajar da kowa ya riga ya saki jiki da ita.

Shawarata ga ma'aikaci: idan da hali, manhajar sa ido ta wurin aiki ta zauna a kwamfutar wurin aiki. Laftof ɗinka na kanka yana ɗauke da hotunan iyali, manhajar banki a burauza, WhatsApp Web da kalmomin sirri. Idan babu makawa, ka nemi a ba ka umarnin keɓewar a rubuce daga shafin kamfanin da ya ƙera manhajar, ka tambayi abin da take ɗauka da lokacin da take ɗauka, kuma ranar da aikin ya ƙare ka cire ta, ka goge keɓewar tare da ita.

NA UKU: MASU LEƘE A ƁOYE

Wannan ita ce wadda na ce bai kamata ta shiga jerin ba ko kaɗan. Manhajoji ne da ake tallata su da sunan kula da yara ko ma'aikata, amma babban abin da suke alfahari da shi shi ne wai mai na'urar ba zai taɓa sani ba. Suna naɗar duk harafin da aka danna a kibod, suna ɗaukar hoton allo, suna kwashe saƙonni. Kuma kusan dukkansu umarninsu na farko shi ne a kashe antibairos ko a keɓe su.

A nan antibairos bai yi kuskure ba ko kaɗan. Ya kira abu da sunansa ne.

Na san wasu za su ce matata ce, mijina ne, ƙanwata ce, yaron shagona ne. To leƙen na'urar baligi ba da saninsa ba cin amana ne, kuma yana iya jefa mutum cikin matsalar doka. A Najeriya sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya ba 'yan ƙasa kariyar sirrin saƙonninsu da hirarsu ta waya, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanai ta 2023. A Amurka, hukumar FTC ta haramta wa kamfanin SpyFone da shugabansa wannan sana'a baki ɗaya a Satumban 2021.

Ko da mutum bai damu da wannan ba, sai ya dubi inda bayanan ke zuwa. Ba a laftof ɗin suke tsayawa ba, sabar kamfanin suke tafiya, kuma irin waɗannan kamfanoni sun yi ƙaurin suna wajen sakaci. Bayanan mSpy sun fita waje a 2015, sun sake fita a 2018, sun kuma fita a 2024. A Mayun 2024 an gano cewa wata mai suna pcTattletale tana da ɓarakar da ke ba wani damar ganin hotunan allon kwamfutocin da take kai, ciki har da na karɓar baƙi a wasu otal-otal na Amurka. Ba a jima ba aka kutsa kamfanin aka watsa bayanansa, ya rufe. Wanda ya ɗora irin wannan don ya ga saƙon mutum ɗaya, ya miƙa kalmar sirrin bankin gidan gaba ɗaya ga wanda bai sani ba. Garin neman gira an rasa ido.

Iyaye kuwa, haƙƙinsu ne su kula da abin da ƙananan yara ke yi a na'ura, kuma akwai hanyar da ba ta buƙatar a rufe wa antibairos ido. Microsoft Family Safety yana ba da damar ƙayyade lokaci, toshe shafuka da ganin rahoton amfani, idan aka buɗe wa yaro nasa akawun. A Android akwai Google Family Link. Dukkansu a fili suke aiki, yaron ya san ana lura da shi, kuma babu wanda zai ce maka ka kashe tsaro kafin su tashi.

MASU CEWA NA CIKA TSORO

Akwai hujjoji uku da ake kawowa, kuma kowacce tana da ƙamshin gaskiya.

Ta farko: antibairos yana kuskure. Haka ne. Ƙananan masu ƙera manhaja, waɗanda ba su da kuɗin sayen takardar sa hannu, sun fi kowa shan wannan wahala, domin sabon fayil da mutane kaɗan suka sauke yakan jawo zargi. Amma maganin kuskure shi ne a gyara shi a tushe. Microsoft yana da shafin da ake tura fayil a ce an kama shi bisa kuskure, kuma idan suka duba suka tabbatar, sukan cire shi daga zargi ga kowa da kowa. Mai manhajar da ya san abin da yake yi shi zai fara turawa. Wanda shekara da shekaru amsarsa ɗaya ce, "ku kashe antibairos", ya ɗora wa kwastoma nauyin da yake kansa.

Ta biyu: bincike yana sa laftof nauyi. Mai RAM 4GB da tsohon hadis ya san wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai manhajar nuna zafi 'yar ƙarama ce, keɓe ta ba zai ƙara maka gudun da za ka ji a jikinka ba. Masu cin riba ta gaskiya daga keɓewa su ne irin masu rubuta manhaja da ke sarrafa dubban ƙananan fayiloli a lokaci guda. Idan nauyi ne damuwarka, rage manhajojin da ke tashi tare da Windows, cire antibairos na biyu idan akwai, ko ka sa SSD idan aljihu ya yarda.

Ta uku: laftof ɗina ne, in yi yadda na ga dama. Wannan ma gaskiya ne, kuma babu mai hana ka. Amma filashar da ka soka a ciki za ta shiga kwamfutar wani gobe, imel ɗinka yana ɗauke da adireshin mutane, WhatsApp ɗinka idan aka ƙwace 'yan uwanka za a damfara da sunanka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai dai a nan ba kai kaɗai ruwan zai jiƙa ba.

IDAN YA ZAMA DOLE, GA YADDA ZA KA YI

1. Karanta sunan da aka kama ta da shi. Shiga Windows Security, sai Virus & threat protection, sai Protection history. Idan sunan ya fara da PUA, ana nufin manhajar da mai yiwuwa ba a so, kamar mai cusa talla. HackTool na nufin kayan aikin da ake iya yin ɓarna da shi. Idan ka ga Trojan, Backdoor ko Ransom, tsaya nan, kar ka ci gaba.

2. Tabbatar daga ina ka samo ta. Shafin kamfanin da ya ƙera ta ko Microsoft Store kawai. Wadda aka turo a Telegram, ko aka kwafo a filasha, ko aka yi wa kirak, ba ta cancanci wannan alfarma ba, ko da sunanta sananne ne.

3. Sabunta manhajar da shi Defender ɗin, sannan ka sake gwadawa. Sau da yawa an riga an gyara matsalar a sabon zubi.

4. Duba sa hannu. Danna fayil ɗin da maɓallin dama, shiga Properties, ka nemi Digital Signatures, ka ga ko sunan kamfanin ne a wurin. Sa hannu ba tabbacin lafiya ba ne kamar yadda muka gani a SolarWinds, amma rashinsa a manhajar babban kamfani alama ce ta jabu.

5. Ɗora fayil ɗin a VirusTotal, shafin da ke gwada fayil da antibairos sama da 60 a lokaci guda. Ɗaya ko biyu su yi ƙorafi, yana iya zama kuskure. Idan sanannu da yawa suka haɗu a kan magana ɗaya, ka yarda da su. Kar dai ka ɗora takardunka na sirri a can, domin masu bincike suna iya ganin abin da aka ɗora.

6. Idan duk wannan ya yi daidai, sai ka keɓe mafi ƙanƙantar abu. Hanyar ita ce Virus & threat protection, sai Manage settings, ka gangara ƙasa zuwa Exclusions, ka danna Add or remove exclusions, sai Add an exclusion. Zaɓi File, ka nuna fayil ɗin guda ɗaya da aka kama.

7. Kar ka taɓa keɓe C: gaba ɗaya, ko Downloads, Desktop, Temp, ko foldar Users. Nan ne duk abin da ka sauke ke fara sauka. Kar ka keɓe nau'in fayil kamar exe, dll ko zip, domin hakan na nufin duk fayil mai wannan ƙarshen a ko'ina yake. Zaɓin Process kuma ka yi hattara da shi: abin da yake ɗauke wa bincike shi ne duk fayil ɗin da wannan manhajar ta buɗe.

8. Maɓallin Allow on device da ke fitowa a jikin gargaɗi shi ma alfarma ce, kuma ga barazanar mai wannan suna ake yin ta. Abin da ka yarje wa yana nan a Allowed threats, can za ka je ka janye.

9. Rubuta ranar da ka yi da dalilin. Bayan wata ɗaya ka cire keɓewar ka ga ko har yanzu ana kama fayil ɗin. Idan an daina, ka huta. Ranar da ka cire manhajar daga laftof, ka tuna cewa keɓewar da ka sa da hannunka ba ta tafiya tare da ita.

AIKIN MINTI BIYU NA YAU

Ko ba ka taɓa keɓe komai ba, buɗe wannan jeri yau ka duba. Musamman idan laftof ɗin na hannu ka saya, ko ka taɓa kai shi gyara, ko an taɓa "kunna" maka Windows ko Office da manhajar kirak. Irin waɗannan kayan kunnawa Defender yana kama su, don haka akan keɓe musu wuri, wani lokaci folda sukutum, sannan a miƙo maka na'urar ba tare da an faɗa maka ba.

Idan ka ga abin da ba ka san da shi ba, goge shi, sannan ka shiga Scan options ka yi Full scan. Idan hankalinka bai kwanta ba, akwai Microsoft Defender Offline scan a wuri ɗaya, wanda ke sake kunna kwamfutar ya yi bincike kafin Windows ya gama tashi. Ka kuma tabbatar Tamper Protection a kunne yake a cikin Manage settings. Idan ka goge abu ya sake dawowa da kansa, to akwai mai mayar da shi, lokacin neman ƙwararre ya yi, kuma ka canja kalmomin sirrinka daga wata na'ura daban.

Ƙarin magana ɗaya ga wanda ya samu manhajar leƙe a na'urarsa kuma yana zargin na kusa da shi ne ya sa: cire ta yana iya sanar da wanda ya ɗora. Idan akwai fargabar tashin hankali, a fara ɗaukar hoton shaida da wata wayar, a sanar da wanda aka amince da shi, sannan a cire.

Masu waya kuma, kar ku ce wannan ta masu laftof ce. Duk manhajar da aka turo muku a APK aka ce sai kun kashe Play Protect kafin ta hau, ko ta nace sai kun ba ta izinin Accessibility alhali aikinta bai shafi hakan ba, labarin ɗaya ne. Tambayar da za ku yi ita ce: me ya sa wannan manhajar ke son maigadi ya kawar da kai?

Manhajar kirki tana iya saɓawa da antibairos na ɗan lokaci, masu ita su gyara, a wuce wurin. Wadda rayuwarta gaba ɗaya ta dogara ga kar a duba ta, ita ce ta fi buƙatar a duba.

Ku tura wa wanda kuka san ya sayi laftof na hannu ko ya karɓo nasa daga wurin gyara kwanan nan, ya leƙa jerin nasa. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.